Kwana Ashirin da Uku Saboda Tabarau

Tun da na komo daga Kano ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya leƙo rumfata, kafin ya ajiye ƙyallen da ya kawo, sai ya ce, "Ibro, yaya Kano?" In je bakin tabki sayen kifi, masunta su tsare ni da tambaya. Bakina ya gaji da maimaici. To, yau da Allah ya tara ku, ga shi daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai zo ba. Amma mai son labarin benaye da jirgin ƙasa ya nemi wani. Ni yawancin abin da na sani a Kano benci ne, wanda na zauna a kai ina jira.

Kun san shekara talatin ke nan ina ɗinkin riga a Madarumfa. Abin da ba ku sani ba, yau shekara biyu kafar allura ta ɓace mini. Ina ganin raƙumi a ƙetaren tabki, amma abin da ke hannuna sai ya zama hayaƙi. Rabi, mai ɗakina, ita ke zura mini zare kullum da safe kafin ta ɗora tukunya, allura ashirin, ta soke su a ƙyalle in ɗauka in fito. In sun ƙare, aikin ranar ya ƙare. Na taɓa sayen tabarau wurin wani ɗan koli a kasuwar Maraɗi, irin wanda ake zubawa a faifai kowa ya gwada. Kwana uku na sa shi, kaina ya yi kamar zai tsage.

Daga baya aka kai ni wurin wani likita ɗan Dahome a asibitin Maraɗi. Ya buɗe akwati cike da gilasai, yana sa mini yana cirewa, har ya dace da wasu biyu. Wallahi na ga zanen fatar yatsana kamar kunyoyin gona. Na ce ya sayar mini da su. Ya yi dariya ya ce na gwaji ne. Ya rubuta lambobi a takarda ya ce ko in aika Yamai in jira watanni, ko in je Kano, akwai babban kanti mai sashen tabarau. Na sayar da rago da buhun gyaɗa biyu. Na sa takardar a fata na ɗinke kamar laya, na rataya a wuya.

Rabi ta dubi gabas ta ce, "Malam, bazara fa ta yi nisa. In ruwa ya sauka ba ka nan fa?"

Na ce, "Mako ɗaya ne."

Maƙwabcina ya kai ni Ɗan Isa a kan jakinsa. Nan na wuni gindin tsamiya ina jiran mota, sai washegari kamyon gyaɗa ya zo, abin da su can suke kira lori. Muka hau kan buhuna mu goma sha. Kusa da ni wata tsohuwa ce, Inna Kande, za ta Katsina wurin 'yarta da ta haihu, ɗauke da daddawa da ƙwaryar man shanu. Ba mu yi nisa ba rana ta narkar da man, ya bi ta gindin ƙwarya ya jiƙe mini wando. Ta dube ni ta ce, "Ai albarka ce, ɗana. Wani sai ya saya." Har Katsina ƙudaje ba su rabu da ni ba.

A kan iyaka 'yan duwan, wato 'yan kwastan, suka sauke mu. Wani gardi, ɗan sandan iyaka, mai jar hula ya karɓi lesefase ɗina, takardar wucewa, ya juya ta, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke wuyana. Ya ce in buɗe. Na ce takardar likita ce. Ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin da na ɓata rabin wuni a kai. Da ya karanta sai ya kira ɗan'uwansa suna dariya.

Ya ce, "Tsoho, har Kano don madubin ido? Kakana ya yi shekara casa'in bai sa ba."

Na ce, "Kakanka ɗinki yake yi?"

Ya ce a'a, mahauci ne. Na ce to. Ya miƙo mini takardata.

A ɓangaren Ingilishi kuma ba su damu da takarda ba, hannu suke dubawa. Aka jera mu kowa ya naɗe hannun riga a ga tabon lamba, wato rigakafin agana. Wanda ba shi da shi a tsaga shi nan take. Na canza dalolina suka koma sulalla, na riƙe su a tafin hannu na ga ba su cika shi ba. Da muka tashi daga Jibiya sai na ga direba ya koma hagun hanya ya miƙe. Na ɗauka barci ya kwashe shi. Na shiga dukan rufin mota ina salati. Mutane suka yi ta dariya. Inna Kande ta ja rigata ta ce, "Zauna, ɗana. Nan ƙasar komai nasu ta hagu yake bi."

Mun kwana a tashar Katsina. Tuwo da miyar kuka na ci, ba su da bambanci da namu, maganar mutanen ma tamu ce, sai hankalina ya ɗan kwanta. Washegari na sami wata mota. Kusa da Bichi taya ta fashe, aka gyara, aka tashi, inji ya mutu. Manya da mu muka sauka muna turi cikin rana. Da la'asar sakaliya muka shiga Kano, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tundurmi.

Na sauka a Fagge, gidan Alhaji Ɗanladi, fatoman da mutanenmu masu fata suke sauka wurinsa. Mutum ne mai fara'a da ƙaton tumbi, bai taɓa kiran sunana ba, sai "Bafaranshe". In na ce na gaji da tahiya, sai ya kira mutanen zaure ya ce in sake faɗa su ji. Mu bakwai a ɗaki ɗaya, ga kuɗin cizo kamar an shuka su. Abin da ya fi ba ni mamaki ruwa. Nan wa ya taɓa sayen ruwa? Can sai ka biya mai garwa kafin ka yi alwala, har na koyi wanke fuska da abin da bai kai cikin ludayi ba. Furarsu kuwa kada ku tambaye ni. Nonon an sirka shi da kuka, ka sha ƙwarya guda ka tashi kamar ba ka sha ba. Amma burodinsu da shayi na yaba, gaskiya ɗaya ce.

Ranar da na fara zuwa kantin Lahadi ce, na tarar da shi a kulle. Litinin na koma. Ban taɓa shiga ɗaki irinsa ba. Kekuna, atamfa, fitilu, kifin gwangwani, takalma, duk ƙarƙashin rufi ɗaya, ga fanka tana juyi a sama ba mai kaɗa ta. Kuma ba a tayi. Abin da aka rubuta shi za ka biya, ba "albarka", ba "Allah ya ba mu kasuwa". Na tambaya aka nuna mini lungun ƙarshe, inda aka jera tabarau cikin akwatin gilashi. A bayan kanta akwai wani akawu mai gashin baki, ya ɗaure wuyansa da ƙyalle irin na Turawa.

Na yi sallama, na rusuna kamar yadda muke yi wa ma'aikatan bariki, na ce, "Barka da aiki, Mushe."

Ya ɗago kai. "Me ka ce?"

Na ɗauka bai ji ba, na ƙara murya. "Na ce barka da aiki, Mushe."

Fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Baba, da furfurarka ka zo wurin aikina ka kira ni mushe? Wa ya mutu bai sami yanka ba?"

Sai a sannan na tuna. Mu nan mun saba da ita daga bakin Faransawa, malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe, akawun kumandan Mushe, har mun manta kalmar tana da wata ma'ana. Na yi ta ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya fizgi takardar, ya kwafe lambobin a tasa bai ko dube ni ba. Ya turo mini firam uku, wato ƙarfen da ake ɗora gilashin a kai, ya ce in zaɓa. Na ɗauki mai baƙin baki. Na biya. Na miƙa hannu in karɓi kayana.

Ya ce, "Kwana tara. A Ikko ake yanka gilashin, jirgin ƙasa ke kawowa."

Na ce, "Malam, daga nesa na zo, ga damina."

Ya ce, "Ni na ce ka zo? Na gaba."

Kwana tara ɗin nan ba abin faɗa a cikinsu. Da safe in tafi kasuwar Kurmi in zauna layin maɗinka. Suna da kirki, da suka ji sana'armu ɗaya suka ba ni wuri, suna miƙo mini aikinsu in gani. In karɓa in kai kusa, in kai nesa, in ce madalla, alhali ba abin da nake gani sai fari da shuɗi. A rana ta shida wani mutumin Gabi ya sauka gidan Alhaji da fatu. Na tambaye shi gida. Ya ce ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, tun daga Safo har Madarumfa kowa yana gona. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da kwana tara suka cika, tun ba a buɗe kanti ba ina bakin ƙofa. Akawu ya ɗauko ɗan akwati ya buɗe. Na ga gilashin dama siriri, na hagu kuwa mai kauri kamar gindin kwalba. Na sa. Idon dama ya ga kanta sarai. Na hagu ya ga ruwa yana juyi. Ƙasa ta karkace, fankar sama ta zama biyu.

Na ce, "Malam, wannan ba shi ba ne. Wanda likita ya gwada mini a Maraɗi ba haka yake ba."

Ya ce, "Ido ne bai saba ba. Abin da takarda ta ce shi aka yi. Ka bar shi a fuskarka, kwana biyu za ka saba."

Wa zai yi musu da mai karatu? Na bar shi a fuska na juya. Akwai matakala uku a bakin kantin. Na farko na taka. Na biyu na ga shi a inda ba ya nan. Sai ji na yi na kife a ƙasa, gwiwa ta daki siminti, hula ta yi gefe, tabarau ya yi gefe. Wata mai sayar da gyaɗa ce ta ajiye faranti ta taimake ni na zauna, ta tsinto mini shi. Gilashin bai fashe ba, amma ƙafa ɗaya ta karye daga gindinta. Na zauna a wurin, jini yana bin ƙaurina, ina riƙe da ragona da gyaɗata a hannu, guntu biyu. Ba na jin kunyar faɗa muku, hawaye ya zo mini.

Na koma masauki na fara ɗaure kayana. Alhaji Ɗanladi ya tarar da ni. Ranar bai yi dariya ba.

Ya ce, "Bafaranshe, ina za ka?"

Na ce, "Gida. Na gaji, Alhaji."

Ya ce, "Shukar farko ta riga ta wuce ka, ko ka tashi yanzu ba ka same ta. In ka koma haka, ka yi biyu babu. Ka kwana, gobe ka koma musu. A garin nan wanda ya yi shiru shi ake takawa."

Na koma ina ɗingishi. Akawu ya dubi guntayen ya ce abin da ya karye a hannun mai shi ba a mayarwa, sai dai gyara. Ya nuna mini wani labule a bayansa. A ciki na tarar da wani dattijo a kan ɗan teburi, da fitilar narka dalma da ƙananan ƙarafa a jere. Baba Lasisi sunansa, Bayarabe ne ɗan Ilori, Hausarsa tana da gargada amma tana fita. Ya karɓa, maimakon ya dubi karayar sai ya ɗaga gilashin ga haske. Ya dubi gilashin, ya dubi idona.

Ya ce, "An taɓa yanka maka ido a asibiti? An cire maka yana?"

Na ce, "Ko kusa."

Ya ce, "To wannan na hagun na wa ne? Irinsa waɗanda aka yi wa aiki muke yi wa. Ina takardar likitanka?"

Na ciro na ba shi. Ya karanta, ya ɗauko ta akawu ya haɗa su. Ya daɗe yana kallo. Sai ya girgiza kai ya kira akawun. Ya ɗora yatsa a kan wata lamba ya ce masa ya karanta. Akawu ya ce bakwai.

Baba Lasisi ya ce, "Ɗaya ce. Na yi aiki shekara shida a Kwatano, na san hannun mutanen Faransa. Ɗayarsu tana da ƙugiya a ka, kamar bakwai ɗinku. Bakwai ɗinsu kuma sai sun ɗaura mata ɗamara a ciki. Kana ganin ɗamara a nan?"

Akawu ya sake duba takardar. Ya ce ai ba haka aka koya musu ba. Dattijon ya ce, "Ba a koya maka ba, amma da ka ga ido ɗaya biyu, ɗaya bakwai, ai ka tambayi mai idon. Ga shi tsaye gabanka."

Kuna tsammanin na yi fushi. Na so in yi, ban sami ƙarfin ba. Ƙugiyar lamba ɗaya, wadda ba ta kai ƙafar ƙuda ba, ita ta ci mini kwana tara da gwiwa. Aka shiga wurin Baturen kantin aka fito, aka ce za a sake gilashin hagu ba tare da na ƙara ko kwabo ba. Kwana shida.

Waɗannan shidan a bayan labulen na yi su, don Baba Lasisi ya ce in riƙa zuwa in zauna. Na ga yadda ya gyara ƙafar. Ya goge bakin karayar, ya haɗa da dalma, ya sa 'yar kusa mai murɗi wadda ni ko ganinta ban yi ba, sai dai na ji ƙararta da ta faɗi a teburi. Ya lanƙwasa ƙarshen a kan wuta, yana gwadawa a bayan kunnena har ya zauna. Ba ya gaggawa. Na ce masa hannunsa hannun maɗinki ne. Ya ce duk mai ƙaramin aiki ɗan'uwan mai ƙaramin aiki ne. A rana ta uku akawun da kansa ya shigo mini da kujera mai jingina a maimakon benci. Ya tsaya yana susar ƙeya.

Ya ce, "Baba, wai kalmar nan da ka kira ni da ita, a wurinku me take nufi?"

Na ce, "Girmamawa ce. Babban ma'aikaci muke ce wa haka."

Ya ce, "Allah Sarki." Ya fita. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan, kuma ya ishe ni.

Ranar da gilashin ya iso, akawu ya ɗauko allon haruffan boko zai gwada ni. Na ce ni ajami na sani. Baba Lasisi ya ture allon, ya zaro allura daga hularsa da guntun zare ya ba ni. Na sa tabarau. Ga kafar nan a buɗe kamar ƙofar zaure. Na zura sau ɗaya. Na zare, na sake zurawa, don in tabbata. Baba Lasisi ya ce, "To cire. Wannan na aiki ne, ba na tafiya ba. In za ka tashi ka sa shi a akwati. Da an gaya maka haka tun farko da ba ka faɗi ba."

Dawowa kwana biyu na yi. Hanya ta yi laka, sau biyu muna sauka muna turi. Gardin nan mai jar hula ya gane ni, ya ce in sa ya gani, na ce ba na tafiya ba ne. Na iso na tarar Rabi da 'yan'uwanta sun shuka mini rabin gona, sauran rabin na bi da ruwa na biyu. Geron ga shi can, gajere ne, Allah ya sa ya kai.

Saura abu ɗaya, shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Jumma'ar farko bayan na komo, Malam Haruna, abokina tun muna yara, ya biyo ta rumfa bayan masallaci. Yana sanye da farar rigar da na ɗinka masa bara, aska biyu, wadda nake alfahari da ita. Ya ce aljihun ya ɗan farke, in kama masa. Na sa tabarau na jawo rigar kan cinyata.

Jama'a, ban gane aikina ba. Askar ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Tambarin ya karkace kamar ƙwai. Wani wuri na tsallake, wani wuri na maimaita sau uku, ga zare iri biyu da na haɗa ina tsammanin ɗaya ne. Ko wanda ya fara koyo jiya ba zai fitar da wannan ba. Na tuna duk rigunan da suka fita daga hannuna cikin shekara biyun nan, da masu su, da yadda kowa ya karɓa ya ce madalla.

Na ce, "Malam, ka ga wannan?"

Ya ce, "Na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ba ni."

"Kuma kake sa ta kowace Jumma'a, a sahun gaba?"

Ya ce, "Ibro, da ban sa ba, da ka tambaye ni dalili."

Ga shi nan zaune a cikinku, in ƙarya nake ya faɗa. Ban ba shi rigar ba ranar, a 'yar shara ya koma gida. Kwana takwas na yi ina kwance ta ina sakewa. Yanzu saura ku. Na san ku, na san rigunanku. Kowa ya je ya ɗauko tasa ya kawo, ɗaya bayan ɗaya, kada ku haɗo mini su rana guda, bayana ba ya ɗauka.